Gonar Mai Ƙaho Ita Ce ta Ƙarshe

Yayana Komi Kunda bai taɓa riƙe sarauta ba, bai iya karatu ba, ko kokawar da samarin Tingiri ke tinƙaho da ita ma bai iya ba. Sau biyu ya shafa toka ya shiga fili, sau biyu aka kai bayansa ƙasa. Na biyun ma wani ɗan tsamurmuri ne daga ƙauyen bayan dutse ya ɗaga shi sama kamar damin riɗi, 'yan mata na guɗa. Daga ranar ya haƙura. Abin da Allah ya ba shi huhu ne. In ya kafa baki a ƙahon gwankin nan da ya gada wurin kawunmu, har aladun ƙauye uku sai sun ɗaga kai.

Shi ne mai kiran gayya. A wurinmu, mu Nuba mazauna duwatsu, in damina ta zauna ciyawa ta fara shaƙe dawa, ba mai shiga gonarsa shi kaɗai sai mahaukaci. Mai gona ya sa a dafa marisa, giyarmu ta dawa, Komi ya hau falalen dutse da sassafe ya busa, kowa ya saɓa hauyarsa. Yau gonar wannan, gobe ta wancan, har a zagaye gari. Ba rubutu, ba shaida. Doka ɗaya ce mai tsauri, kuma a kan mai ƙaho ta faɗa: gonarsa ita ce ta ƙarshe. Tun kakanni haka aka tsara, don kada a nome masa tasa ya wayi gari ya ce maƙogwaronsa na ciwo. Shekara ashirin da ɗoriya dawar Komi tana shan wuya cikin ciyawa tana jiran layi, kuma ba shekarar da layin bai zo ba. Iyakar ilimin duniyarsa ke nan: ka nome wa mutum, zai nome maka.

Ni ce Nanni, ƙanwarsa. Ni ke dafa marisar ranarsa, ni ke zagawa da ƙwarya ina shayar da masu noma, don a Tingiri wannan aikin 'yar'uwar mai gona ne, matarsa ba ta taɓa ƙwaryar. Yaya yana sallah, yana shan marisa, ni kuma ina zuwa coci, ba mu taɓa musu a kan wannan ba. Faɗanmu kullum a kan bakina ne.

"Nanni, da bakinki hauya ne, da ban sha wahalar busa ba," in ji shi.

"Da ƙahonka miji ne, da zawarawan garin nan sun huta," in ce masa.

Gonakinmu na gaske suna ƙasa, a baƙar laka, tafiyar rabin yini daga dutse. Wata shekara muka sauka sharar gona muka tarar da tarakta biyu da wani ɗan kasuwa daga Arewa, can wajen Khartoum, da takarda a hannunsa. Takardar ta ce ƙasar ta gwamnati ce, gwamnati kuma ta ba shi. Tsamiyar da babanmu ke hutawa a gindinta an tumɓuke ta an jefar a gefe. Mutumin ma da kirkinsa, wai in muna so mu zo mu yi masa ƙodago a ranar girbi. Kai, duniya! Bayan wannan sai wasu mahaya da bindigogin da gwamnati ta raba musu suka fara kora mana shanu, in ka bi sawu a dawo da gawarka. Muka koma kan 'yan gonakin dutse masu hawa-hawa, waɗanda da can sai gyaɗa da kuɓewa muke sa musu. Komi ya tsira da ƙoƙo ɗaya na irin dawar babanmu, mai nauyin kai, wadda ba ta yi sai a baƙar laka. Kowace damina yakan shuka ɗan kaɗan a bayan ɗaki don kada irin ya mutu, ya girbe, ya zuba a gora ya liƙe bakin da toka.

Ana cikin haka mutanen daji suka iso, 'yan tawayen da ke yaƙi daga Kudu, da 'ya'yan duwatsunmu a cikinsu. Aka tara mu a gindin kuka. Wani dogon hafsa ɗan Kudu mai tsage a goshi ya yi ta zuba Larabci a kan sabuwar ƙasa da daidaito da 'yanci, har tsofaffi suka fara gyangyaɗi. Komi ne ya ɗaga hannu.

"Tsaya, ɗana. Ku kuna da gona mai ciyawa, mu ma muna da ita. Cewa kake mu zo mu taya ku, ku zo ku taya mu?"

"Haka ne, Baba."

"To ta wa za a fara?"

Hafsan ya yi dariya. "Ai duk gona ɗaya ce, Baba."

Yaya bai ji wannan ba, ko kuma ya ji ya ɗauka ladabi ne. Ya juyo ya dubi jama'a fuskarsa a washe, kamar wanda ya tsinci akuyarsa da ta ɓata.

"Jama'a, ashe duk surutun nan gayya ce! Su suka riga mu fara yaƙi, tasu za a fara. In an gama a zo tamu."

Wallahi da hafsan ya kwana bakwai yana magana, da samari biyar ba su bi shi ba. Amma da aka ce gayya, magana ta shiga kunnen kowa, don ba gidan da ke son a ce an busa bai fito ba. Washegari da sassafe, tsakiyar rani, ba ciyawa ko ɗaya a ƙasa, Komi ya hau falalen dutse ya busa. Samari ashirin da uku suka fito. Nasa biyu, Kodi da Kalo, su ne a gaba.

Koshe, bazawarar da ke gangaren rijiya, 'ya'ya uku gare ta, duk maza. Ta riƙe hannun ƙaramin gam ta zo gaban Yaya.

"Komi, biyu sun isa. Bar mini auta."

"Koshe, ranar gonarki gida nawa ne suka aiko miki da rabin hannu?"

Ta saki yaron. Ni kuma ɗaya ne da ni tilo, Tiya, wanda na samu bayan na binne huɗu. Na ja Yaya gefe na yi ƙasa da murya, abin da ban saba ba.

"Yaya, ɗaya gare ni."

"Shi ya sa gonarki ta fi ta kowa buƙatar gayya," ya ce. Ya dafa kafaɗata ya wuce.

Da ƙafa suka tafi, aka ce har ƙasar Habasha za su je koyon bindiga. Na tsaya ina kallon ƙeyar Tiya har dutse ya tare ta.

Shekarun da suka biyo baya ba na son tuna su, amma ba su nemi izinina ba. Sojan gwamnati suka ƙone Tingiri sau biyu. Waɗanda aka kama aka kwashe su zuwa sansanin da ake kira wai na zaman lafiya, mu da muka tsere muka hau can ƙololuwa muka zauna a kogo. Gishiri ya ɓace, muka koma tace toka. Zane ya ƙare, matan aure suka koma ɗaura buhu. Matar Yaya, Toto, tari ya kashe ta a shekarar yunwa. Duk da haka gayya ba ta tsaya ba. Komi na busa wa noma, in ya ji gurnanin jirgin bama-bamai kuma ya busa gajere sau uku kowa ya faɗa rami. Ba zan ci amanarsa ba, ƙahon nan ya tsirar da rayuka da yawa.

Labarin yaranmu kuwa a baki yake zuwa, bayan shekara ɗaya ko biyu da faruwarsa. Kodi kogi ya ci shi a hanya. Kalo ya faɗi a wani garin Kudu da har yau ban iya faɗin sunansa ba. Manyan Koshe biyu rana ɗaya suka tafi, a bakin wata gada. Autan kuwa ba wanda ya ce ya mutu, ba wanda ya ce yana raye. Tiya a kusa da Juba, can Kudu, aka harbe shi a ciki, wanda ya kawo mini labarin ya ce ya yi kwana biyu yana neman ruwa. Kowace uwa aka kawo wa nata, sai Komi ya je ya zauna a bakin kogonta ya sunkuyar da kai, ya ce, "Haƙuri. Layi na zuwa." Ni ma haka ya ce mini. Koshe ce kaɗai ta ba shi amsa, ta tofar da yawu tsakanin ƙafafunsa ta shige ciki.

Bayan shekara goma sha uku aka tsagaita wuta a duwatsu. Turawa suka zo da jirgi mai saukar ungulu suna duba ko an daina harbi. Gishiri ya dawo, sabulu ya dawo, muka sauko muka sake ɗora jinka a kan tsofaffin bangaye. Cikin ashirin da ukun nan shida suka dawo, ɗaya ba ƙafa. Sai aka ce manya na zaune a Kenya za su raba zaman lafiya, gwamnati a gefe guda, 'yan tawaye a gefe guda, kuma ana kiran duk Nuba taro a Kauda a ji wa zai yi magana da bakinmu. Tingiri ta tura Komi da Malam Andarawus, malamin makarantarmu wanda ya yi karatu a Khartoum. An ce a zo da mace, ba wadda ta yarda da tafiyar kwana uku sai ni.

Ban taɓa ganin Nuba da yawa haka wuri ɗaya ba, wasu ma ban san akwai irin harshensu a duniya ba. Aka rarraba mu ƙungiya-ƙungiya a gindin mangwaro. A tamu Malam Andarawus ya miƙe, ɗan siriri da tabarau da aka ɗaure da zare.

"Iyayena, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Mu nemi kujerarmu a teburin nan, namu na kanmu ya zauna a kai. In hakan ba za ta samu ba, to kada mu ba da bakinmu sai an yi mana rantsuwa a rubuce cewa abin da Kudu ta samu mu ma za mu samu. In an ba su ƙuri'a su zaɓi makomarsu, a ba mu. In an ba su ƙasarsu, a ba mu tamu."

Wasu suka gyaɗa kai. Sai Yaya ya tashi, da ƙahonsa rataye a kafaɗa.

"Malam, kai da ka yi karatu, ka taɓa ganin inda aka rubuta gayya?"

Aka fashe da dariya.

"'Ya'yana biyu suna kwance a gonarsu. Ɗan ƙanwata ga ta nan, yana kwance a gonarsu. Yanzu da aka kusa gama tasu, sai in je in tsare su in ce ku rantse mini? Ai zagi ne! Mutumin da ka nome wa ba ya manta hanyar gonarka. Abin da babba ya hango, Malam, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Aka yi ta tafi. Malam ya cire tabaransa ya goge ya zauna. A ƙarshe taro ya danƙa wa 'yan tawaye bakinmu, ba kujera, ba rantsuwa. Ban ce maganar Yaya ce ta juya taron ba, mutane ɗari-ɗari ne kowa da dalilinsa, an kuma rubuta buƙatu an ba masu tafiya. Ban da haka ma wace ƙofa muke da ita? Amma hannun Tingiri shi ya ɗaga shi, kuma da muka dawo shi ya tsaya a gindin kuka ya ce wa iyaye mata, "Saura kaɗan. Ku wasa hauyoyinku, baƙar laka za mu sauka." Har ya sauko da gorar irin nan ya nuna musu.

Shekara biyu ana zama a Kenya. Duk wanda ya gamu da shi a hanya sai ya ce, "Mai ƙaho, yaushe?" Shi kuma ya ce, "Gona babba ce, ba a gama ta da wuri."

Ran nan aka ce an sa hannu. Aka yi ta harbi sama, aka yi rawa kwana biyu. Bayan wata uku Malam ya je Kauda ya samo takardar, aka taru a gindin kuka da hantsi ya karanta yana fassarawa. Kudu za ta yi mulkin kanta shekara shida, sannan ta jefa ƙuri'a, ta zauna ko ta ɓalle. Mu kuwa muna cikin Arewa. Za a ba mu jiha, a riƙa karɓa-karɓar gwamna na ɗan lokaci. Maganar ƙasa, za a kafa kwamiti ya duba. Sannan akwai wani abu wai shi shawarar jama'a.

Koshe ta ce, "Malam, faɗa mana da bakin mutane."

"Za a tambaye mu ra'ayinmu, Inna, ko yarjejeniyar ta yi mana."

"In mun ce ba ta yi ba fa?"

"Wakilanmu su kai wa gwamnati. Za a saurara."

"Sai me?"

"Sai a tattauna, Inna."

"Ƙuri'ar fa?"

"Babu tamu."

Komi ya matso ya leƙa takardar da bai iya karantawa ba.

"Malam, juya bayanta. Wataƙila namu yana baya."

Malam ya juya. Fari fat. Wani daga cikin samarin da suka dawo, mai ƙafa ɗayan, ya saki wata irin dariya mara daɗi ya ce, "Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi." Yaya ya tsaya yana ƙifta ido, can ya ce, "Ba su gama tasu ba ne. Kun ji ai, shekara shida." Koshe ta kakkaɓe zanenta ta tafi.

Damina ta sauka, ciyawa ta taso. Komi ya hau falalen dutse ya busa kamar kullum, kowa ya fito kamar kullum. Aka nome ta Koshe, aka nome tawa, aka bi gari gida-gida, shi yana gaba da hauyarsa duk da bayansa ya fara ranƙwafawa, don lokacin ya doshi saba'in. Ya ɗauka magana ta wuce. Bai san abin da ake ƙullawa a bakin rijiya da wurin niƙa ba. Ni na sani. Da ni aka ƙulla, kuma da hannuna na dafa marisar ranarsa, tulu huɗu, ban taɓa dafa mai kyanta ba.

Ranar gonarsa ya busa, jama'a suka fito fiye da kowace shekara. Har daga bayan dutse iyayen yaran da suka bi namu suka zo. Na ga fuskarsa lokacin da ya hango su suna hawowa, murna kamar ta kashe shi. Sai da suka iso ya lura ba mai hauya ko ɗaya. Suka jeru a kan duwatsun da suka tare hawan sama, suka zauna suka miƙe ƙafa.

"A'a, jama'a, ina hauyoyinku?"

Koshe ta gyara zama. "Mun zo ba ka shawara ne, mai ƙaho. Kai ka yi noma, mu mu faɗi ra'ayinmu."

Ya yi 'yar dariya, ya duba ko wasa ne. Ya dubi mazan da ya yi shekara arba'in yana noma kafaɗa da kafaɗa da su, kowa ya kau da kai. Malam Andarawus ya taso zai ɗauki hauyar da ke jingine a bukka, Koshe ta daka masa tsawa.

"Malam, ajiye! Ɗanka nawa ne a Kudu?"

Ya ajiye. Ya gangara gida, shi kaɗai ne ya tafi.

Da Yaya ya bi bayansa, da abin ya tsaya nan. Amma tun da aka kafa Tingiri ba a taɓa busa wa gona aka bar ta ba a taɓa ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗauki hauya, ya sauka hawan ƙasa ya fara. Hawa goma sha biyu ne da gonar.

Nan fa baki ya buɗe.

"Mai ƙaho, ra'ayina dai ka bar ciyawa a hagunka!"

"Sunkuya sosai mana, Baba, ai ba a noma a tsaye!"

"Wancan hawan na sama kada ka damu da shi, za mu kafa kwamiti ya duba!"

"Yi a hankali, shekara shida gare ka!"

Ana yi ana shan marisa, ni ke zubawa. Matan da ban taɓa jin dariyarsu ba tun da aka kawo musu labari, ranar har da riƙe ciki. Ni ma na yi, kuma ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Waɗanda suka zauna a Kenya hannunmu bai kai gare su ba, mai tarakta yana da soja, hafsan nan mai tsage ko yana raye ko ya mutu oho. Wanda hannunmu ya kai gare shi tsoho ne mai ciwon baya, wanda shi ma nasa biyun suna can inda namu suke. Ranar ba wadda ta lissafa da Kodi da Kalo a cikinmu.

Rana ta take tsaka. Ya gama hawa biyu, rigarsa ta manne da jikinsa. Ya miƙe da ƙyar, ya dogara da ƙotar hauya, ya ɗago kai yana nemana a cikin mutane.

"Nanni, ƙwarya."

Haka yake ce mini kowace shekara, ko kallona ba ya yi, don ya san tana tafe. Kowa ya zuba mini ido. Ƙwaryar na kan cinyata, cike. Taku ashirin ne tsakanina da shi. Sai na tuna an ce Tiya ya kwana biyu yana neman ruwa.

Na ce, "Na ji ra'ayinka, Yaya. Za a duba."

Na miƙa wa Koshe ƙwaryar ta shanye.

Dutse ya ɗauka da shewa. Shi kuwa ya tsaya yana kallona, ba fushi a fuskarsa, kallon wanda aka yi wa magana da harshen da bai sani ba. Ya lashi leɓensa, ya sunkuya ya ci gaba. Da la'asar marisa ta ƙare, mutane suka watse biyu-biyu, wasan ma ya riga ya gundure su. Na kwashe tulunana na tafi na bar shi a hawa na huɗu.

Washegari ya koma shi kaɗai, bai busa ba. Kwana tara ya yi kafin ya kai hawan sama. Ƙahon ya rataye a ƙyauren ɗakinsa bai ƙara taɓa shi ba. Kafin dawa ta fitar da kai ƙirjinsa ya kama, ya kwanta. Na yi kwana uku ina zagaye gidan kafin na iya shiga. Na tarar da shi ya zama ƙashi da fata. Na ɗago kansa na ba shi ruwa, ya sha sosai. Ina jira ya zage ni, ya tsine mini, ya ce in fita, wallahi da ya yi da na samu sauƙi. Sai ya nuna gorar da ke rataye a jinka.

"Irin Baba ne. Ki riƙa shuka kaɗan a bayan ɗaki kada ya mutu."

"Yaya, ka bar maganar nan."

"Shekara shida ba yawa, Nanni. Gona babba ce. In sun gama za su zo."

Kwana biyu bayan haka ya cika.

Dawar mamaci gari ke girbe ta, wannan ba sai an busa ba. Ranar kowa ya fito da wuƙarsa tun kafin rana ta ɗaga, har mutanen bayan dutse. Koshe ce ta fara shiga. Kafin azahar an gama hawa goma sha biyun, dawa ta yi kyau ƙwarai, don ba gonar da aka nome da tsabta irin tasa a shekarar. Ba wanda ya rage a gidansa da zai ci ta, sai aka dafa marisar makokinsa da ita. Ranar shanta aka taru a gonar, na zagaya da ƙwarya na shayar da kowa. Da na zo hawa na uku, inda ya tsaya ya kira ni, na juye sauran a ƙasa, ƙasa ta shanye. Ba abin da hakan ya rage mini.

Irin kuwa na riƙe. Damina biyar ina shukawa a bayan ɗaki, ina girbewa, ina liƙe gora da toka, ina zagin kaina ina zaginsa. Shekara shida ta cika, Kudu ta jefa ƙuri'arta ta ce za ta tafi. Mu shawarar ma ba a zo an tambaye mu ba. Saura wata guda su ɗaga tutarsu jirgi ya dawo kanmu, ba mai busa gajere sau uku. Muka sake hawa dutse, tsofaffi da jikokin mutane, ni da Koshe kogo ɗaya. Da abinci ya ƙare na fasa gorar, na niƙa irin babanmu a kan dutse, na dama mana kunu.

Koshe ta kurɓa ta ce, "Wannan dawar ta ina ce mai daɗi haka?"

Na ce, "Ta baƙar laka ce. Sha."

Kwana huɗu ya yi mana.